Ina son in bar aiki in rungumi ɗinki, Baba ya ce ba da yawunsa ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 28, na karanta aikin akanta, kuma shekara 4 ke nan ina aiki a wani kamfani. Albashin ba laifi, amma wallahi zuciyata ba ta wurin. Tun ina ƙarama nake zana riguna a bayan littafin makaranta. Shekara 2 da suka wuce na sayi keken ɗinki, na koya ta bidiyon intanet, yanzu kusan duk abin da nake sawa ni na ɗinka abina. Wasu wuraren ma da allura nake bi da hannu, don na fi jin daɗinsa. Ƙawayena da 'yan'uwa suna yabawa, suna kawo yadi in ɗinka musu, sai dai yawancinsu ba sa biya, ni kuma ina jin nauyin tambaya. So nake in ajiye aikin, in shiga makarantar koyon zanen tufafi da kuɗin da na tara, daga baya in buɗe wurina da sunana. Da na faɗa a gida, Baba ya ce ba da yawunsa ba, wai bai biya mini kuɗin jami'a don in ƙare a tela ba. Mama ba ta ce komai ba, amma na ga ranta bai so ba. Shekaru suna tafiya, ina tsoron in wayi gari na tsufa a kan teburin da ba na so. In bi zuciyata ko in haƙura?

Ƙanwarki.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ajiye mini hanya biyu, kuma babu wadda zan ce ki bi a cikinsu. Kada ki ajiye aikinki a bana, kada kuma ki rufe keken nan ki tura shi ƙarƙashin gado.

Wasiƙarki ta tabbatar mini da abu ɗaya, kina son ɗinki, kuma son na gaske ne, don wadda ta dawo daga ofis a gajiye ta zauna ta zura zare a allura ba wasa take yi ba. Abin da wasiƙar ba ta gaya mini ba shi ne ko matar da ba ta san ki ba, ba ta jin kunyarki, za ta ciro kuɗinta ta ba ki, ta sa rigar, ta wanke ta, sannan ta dawo da wani yadin. Ke ma ba ki san amsar ba tukuna, domin duk masu yabon naki masoyanki ne, kuma yawancinsu a kyauta suka samu. Wanda aka yi wa kyauta ba ya duba hammatar riga. Wannan amsar ita ya kamata ki nema kafin ki taɓa takardar barin aiki, kuma sa'ar da kika yi ita ce za ki iya nemanta albashinki yana shigowa.

Bari mu fara da hannunki. Shekara 2 yawancin ɗinkinki na jiki guda ne, naki, jikin da kika fi kowa sani. Idan kafaɗa ta ɗan zame kin san yadda za ki tsaya ta ɓoyu, idan ƙugu ya matse kin haƙura don ke kika yi. Jikin mutane ba haka yake ba. Wata kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, wata bayanta ya ɗan ranƙwafa, wata ƙirji da ƙugu ba su yi kusa da awo ɗaya ba, kuma kowacce so take ta ɗaga hannu ta ɗauko abu a sama ba tare da rigar ta bi ta ba. Tef zai ba ki lambobin jiki, amma sararin da za ki ƙara tsakanin jiki da riga, nawa a ƙirji, nawa a damtse, nawa idan yadin mai miƙewa ne, nawa idan mai tauri ne, wannan sai an yi ta yi a jikuna daban-daban ido ya saba. Bidiyo ba ya ganin kuskurenki balle ya ce ki warware.

Ga gwajin da nake so ki yi wa kanki yau da dare. Ɗauko rigar da kika fi alfahari da ita, ki juya ta ciki waje, ki shimfiɗa a ƙarƙashin fitila mai haske. Dubi bakin ɗinkin, an kashe shi ko zare yana zazzagowa? Dubi zif, ya kwanta ko ya yi tozo? Kalmasar ƙasa ta tafi daidai ko ta yi hawa da sauka? Sai ki dubi inda hannu ya haɗu da kafaɗa, don a nan ake gane tela. Cristóbal Balenciaga, ɗan ƙasar Sifaniya da aka haifa a 1895, wanda mahaifiyarsa ma ɗinki take yi, ya shahara da cewa yana iya yanka ya ɗinka riga da hannunsa daga farko har ƙarshe, kuma an san shi da naci a kan hannun riga, ya warware ya sake ɗorawa har sai ya kwanta yadda yake so. Mutumin da manyan matan duniya suke layi a gidan ɗinkinsa na birnin Faris ke nan. Idan hannun riga yana ba ki wahala, kin shiga sahun mutanen kirki.

Akwai ƙananan abubuwa da masu koyo su kaɗai sukan tsallake, kuma su ne suke sa a ga riga a ce ɗinkin gida ce. Yadin auduga yana ja idan ya ga ruwa, saboda haka a wanke shi a goge kafin a sa masa almakashi, in ba haka ba rigar da ta yi daidai ranar karɓa za ta ɗage bayan wankin farko, kuma ke za a zaga. Yadi yana da tsawo yana da faɗi a saƙarsa, idan kika karkata wajen yanka don ki tsimi ɗan ƙyalle, rigar za ta riƙa murɗewa a jiki har ta mutu. Dutsen guga kuwa wurinsa kusa da keke, duk layin da kika ɗinka ki goge shi kafin ki haɗa shi da wani, kada ki bari sai an gama. Sannan yadi mai tsada ba a fara masa da almakashi. A manyan gidajen ɗinki sai an fitar da rigar da akoko ko wani yadi mai araha, an gwada a jikin mai ita, an gyara, kafin a taɓa na gasken. Madeleine Vionnet, Bafaranshiyar da ta shahara da yankan karkace, wato a yanka yadi a kusurwar digiri 45 don ya bi jiki ya zubo, a jikin ƙaramin mutum-mutumi na katako take fara lanƙwasa yadi ta ga yadda zai faɗi. Ta fara koyon ɗinki tun tana yarinya, ta yi wa wasu gidaje aiki shekara da shekaru, sai a 1912 ta buɗe nata.

Wannan ya kawo mu maganar makaranta. Ban hana ki ba, amma ban yarda ki zuba duk abin da kika tara a cikinta yanzu ba. Abin da kike buƙata a wannan matakin shi ne ƙwararren tela, mace ko namiji, wanda aikinsa yake burge ki idan kin juya cikinsa, ki roƙa ki riƙa zuwa ranakun da ba ki da ofis, ko da biya za ki yi. Ki shirya za a sa ki guga, da sa maɓalli, da warware ɗinkin da wani ya ɓata, kuma kada digirinki ya hana ki. Gyaran tsofaffin kaya ma kada ki raina shi, duk rigar da kika farke don ki rage ta ko ki ƙara ta, tana nuna miki yadda wani ya haɗa ta. Alexander McQueen ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon ɗinkin kwat a layin teloli na Savile Row a Landan, daga baya ne ya shiga kwalejin Central Saint Martins ya gama a 1992. Ya je makaranta hannunsa ya riga ya iya, shi ya sa ya san abin da ya je nema. Idan kin yi shekara a shago, ke da kanki za ki gane gurbin da ya rage miki, wataƙila fitar da yankan riga a takarda ne, wataƙila rage awo da ƙara shi daga ƙarami zuwa babba. A lokacin sai ki nemi kwas ɗin da yake koyar da wannan, kuma kafin ki biya ki nemi ganin abin da ɗalibansu suka ɗinka, ba hotunan ginin ba.

Za ki iya cewa ai ke zane kike so, ba zaman keke ba, kuma akwai mashahuran masu zanen tufafi da ba sa ɗinki. Gaskiya ne akwai su. Amma bayan kowanne akwai ɗaki cike da masu yanka da masu ɗinki da wani yake biyan albashinsu. Ke a farkon tafiya ke ce mai zane, ke ce mai yanka, ke ce mai guga, ke ce mai amsa waya. Ko ranar da Allah ya hore miki ma'aikata, idan ba ki san yadda ake ɗora kwala ba, duk wanda ya ce miki zanen nan ba ya ɗinkuwa dole ki yarda.

Yanzu ga inda na ɗan yi murmushi da na karanta wasiƙarki. Akanta ce ke, kullum kina lissafa kuɗin wasu har kwabon ƙarshe, amma ba ki taɓa lissafa naki ba. Kin san awa nawa riga guda take ci miki, daga awo zuwa gugar ƙarshe? Ki buɗe littafi daga ɗinki na gaba. Rubuta lokacin da kika fara da lokacin da kika tashi, har da na zuwa sayen zare da na gyara bayan an gwada. Rubuta shafi, zif, maɓalli, zare, allurar da ta karye, wuta, kuɗin mota. Sai ki raba albashinki na wata da awannin da kike yi a ofis, ki ga nawa awarki take a yanzu. Idan riga ta ci miki awa 12, kin san abin da ya kamata ta biya ki kafin ma a zo maganar riba. Daga nan sai tambaya mai ɗaci, riga nawa za ki iya gamawa a wata, kuma akwai masu biyan wannan kuɗin da yawan haka? Lambobin za su iya ba ki tsoro a karon farko. Gara su ba ki tsoro yanzu da kike da albashi.

Kada ki ɗauki ilimin nan naki a matsayin shekarun da suka tafi a banza, domin rashinsa ne ya kayar da masu basira da yawa. Mai zanen tufafi Paul Poiret ya yi tashen da babu kamarsa a Faris kafin yaƙin duniya na farko, amma gidan ɗinkinsa ya rufe a 1929, ya rasu a 1944 cikin talauci. Christian Dior bai buɗe gidansa a 1946 ba sai da attajirin masaƙa Marcel Boussac ya zuba jari. Yves Saint Laurent yana zane, Pierre Bergé yana riƙe da harkar kuɗi, tun daga 1961. Dior da Saint Laurent sai da suka nemo mai riƙe musu harkar kuɗi. Ke kina da mai lissafi a cikin gida, wato ke kanki, sai dai ba ki taɓa ba ta aiki ba.

Maganar 'yan'uwa da ƙawaye kuwa, laifin ba nasu ba ne su kaɗai, ke kika saba musu. Kuma ba sai an yi rigima ba. Ki zaɓi waɗanda za ki ci gaba da yi wa kyauta da zuciya ɗaya, Mama misali, ki tsaya a nan. Sauran, tun kafin yadin ya sauka daga hannunsu za ki ce, "Yanzu na fara karɓar kuɗin ɗinki, irin wannan kaza ne, ana ba da rabi kafin in yanka." Ki faɗa da fara'a, ki yi shiru, kada ki bi shi da ban haƙuri. Wasu za su mayar da yadinsu jaka, wata ma ta ce kin canza. Ba komai. Kafin alƙalamin nan shi ne zai hana ki sayen kayan aiki da albashinki, kuma wadda ta biya rabi ba ta mantawa da kayanta a wurinki wata shida. Za ki kuma lura da wani abu, ranar da suka fara biya ranar za su fara gaya miki gaskiya a kan ɗinkin. Wannan gaskiyar kike nema.

Sai alkawari. Sana'ar nan ta yi ƙaurin suna wajen saɓa rana, har ya zama wadda take cika alkawari ta riga ta yi rabin talla. Tunda dare da ƙarshen mako kawai kike da su, kada ki karɓi fiye da abin da za su ɗauka. Idan kin ga za ki gama a mako biyu, ki ce uku. Cewa "ba zan samu dama ba" ya fi kashe waya ranar da mai kaya take bakin ƙofa.

Na ji daɗi da kika ce kina son aikin allura, amma ki yi masa wuri. Kamfanonin da suke fitar da dubban riguna a rana ba za ki taɓa karya musu farashi ba, kada ma ki gwada. Abin da ba za su iya ba shi ne riga da aka yanka don jikin mutum guda, da aikin da ido yake gani ya san hannu ne ya yi. Saboda haka dogayen layuka ki bar wa keke, ya fi ki sauri kuma ɗinkinsa yana da ƙarfi. Allurarki ki ajiye ta inda za ta yi magana, surfani a wuya, kalmasar da ba a ganin zarenta ta waje, ramin maɓalli. Kuma ki gaya wa mai kaya cewa nan da hannu aka yi, ya ci awa kaza, don da yawa ba za su sani ba sai an nuna musu. Ki kula da idonki da bayanki tun yanzu, haske mai kyau da kujera daidai tsayin teburi ba almubazzaranci ba ne.

Wani abin da zai zo miki da kwastomomi shi ne hoton waya. Za a miƙo miki rigar wani a ce irin wannan sak. Ki yi, yana koyar da hannu kuma yana kawo kuɗi, amma idan shi kaɗai kike yi, zanen da kika fara a bayan littafin makaranta zai mutu ba ki sani ba. Ki ware lokaci ki fitar da naki, ko guda 4 ko 5 ne, ki ɗinka su da kyau, ki ɗauke su hoto a jikin mutum da hasken rana, gaba da baya da kusa. Ki sa a Instagram ko inda kike da jama'a, ki ga wanne ake tambayar kuɗinsa. Masu danna alamar so ba su ne ma'auni ba, masu tambayar "nawa ne, yaushe zan samu" su za ki ƙirga.

Batun shekaru ba zan daɗe a kansa ba. Giorgio Armani likitanci ya fara karantawa ya bari, ya shiga aiki a kantin La Rinascente na birnin Milan a 1957, ya yi wa wasu zane shekaru, bai kafa kamfaninsa ba sai 1975 yana da shekara 41. Shekara 28 ba ta isa a yi mata kuka ba. Gaggawar da kike ji, ina zargin rabinta gajiya da ofis ce, kuma yana da kyau ki raba biyun. Idan wurin aikin ne ya ishe ki, ana canza wurin aiki ba tare da an taɓa jarin ɗinki ba.

Sai Baba. Na san kalmar ta yi miki zafi, kuma ban yarda da shi ba cewa zama tela faɗuwa ce. Amma ki saurari abin da yake ƙarƙashin maganar. Mutum ne da ya ga 'yarsa ta samu abin dogaro, sai ga ta tana cewa za ta saki ta kama abin da bai ga ƙarshensa ba. Kin je masa da buri, shi kuma tsoro ya ji. Kada ki sake tayar da zancen yanzu, kada kuma ki yi masa musu da sunayen Turawan da na lissafa miki, ba za su burge shi ba. Ki fara da Mama, shirun nan nata ƙofa ce a buɗe. Ki nuna mata littafinki wata-wata. Ki samu yadi mai kyau ki ɗinka wa Baba riga da hannunki, ki yi ta da dukkan iyawarki, ki ba shi ba tare da kin haɗa da wata magana ba. Ranar da za ki koma masa, ki je da lissafin shekara guda, ki ce, "Baba, ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga abin da na ajiye, ina neman shawararka da albarkarka." Uba yana iya ƙin mafarki, amma da wuya ya ƙi duba takarda, balle takardar da ilimin da ya biya ne ya rubuta ta.

Yaushe za ki ajiye aikin? Idan littafin ya nuna wata da watanni a jere ɗinki yana kawo abin da zai riƙe buƙatunki na dole, ba wata guda mai albarka ba. Idan yawancin masu kawo aiki ba danginki ba ne, kuma kina ganin fuskokin da suka dawo karo na biyu da na uku. Idan kin fara mayar da aiki don babu lokaci. Sannan kina da ajiyar da za ta ciyar da ke aƙalla wata 6 ko allura ba ta motsa ba, kuma kuɗin nan daban yake da jarin sana'a. Kafin nan ma akwai tsani, wasu wuraren aikin suna yarda a rage kwanaki, kuma akanta tana iya riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafansu daga gida. Hayar shago kuwa ita ce ta ƙarshe, kada ki ɗora wa kanki ita don kawai ki ga sunanki a allo.

Akwai kuma yiwuwar da ya kamata in faɗa miki tun yanzu. Mai yiwuwa bayan shekara ki gane cewa ɗinka abin da ranki yake so daban, ɗinka wa mai ƙorafi a kan rana daban, kuma na biyun yana kashe miki daɗin na farkon. Mutane da yawa sun gano haka, suka ci gaba da aikinsu, suna karɓar ɗinki ɗaya ko biyu a wata daga waɗanda suka zaɓa, a kan kuɗin da suka yanka. Idan can kika dosa, ba ki ci amanar baiwarki ba, kuma kuɗin da kika tara suna nan.

A wannan makon dai abu biyu nake so ki yi, ki sayi littafin nan, ki kuma je ki gaida telan da za ki roƙa ya karɓe ki. Ki tafi da rigar da kika juya cikinta, ki bar shi ya faɗi abin da ya gani. Bayan wata 6 ki sake rubuto mini da lambobin. Allah ya sa albarka a hannun, ya kuma sanyaya zuciyar Baba.